Shelar da Ta Yi wa Nagoggo Nauyi

Duk wanda ya taɓa kwana a Tungar Kanya ya san muryar Nagoggo kafin ya san fuskarsa. Tungar tamu ƙarama ce, tana tsakanin Zurmi da Shinkafi. Sai ka ratse daga titi ka bi burtali, ka yi tafiya har ka fara shakkar ko ka ɓata, sannan ka hango giginyun bakin tafki. Da damina tafkin yakan cika ya tumbatsa har gindin kanyar da garin ya ci sunanta. Da rani sai ya ja baya, ya bar mana baƙar laka, mu dasa albasa da tattasai. Mu manoma muna gabas da ruwan. Rugar Ardo Shu'aibu tana yamma, a tsallake, tun zamanin kakanni.

Nagoggo shi ne mai shelar gari. Sunansa na yanka Zakariyya, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da shi ba. Uwarsa ta rasu yana goye, sai ƙanwar ubansa da ke aure a rugar ta ɗauke shi. Can ya tashi, ya yi kiwon maruƙa tare da Shu'aibu tun kafin Shu'aibun ya zama Ardo, ya iya Fulatanci kamar a kansa aka saukar. Da ya isa riƙon fartanya ubansa ya dawo da shi gida, amma sunan ya riga ya bi shi. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ƙafarsa ta hagu tana ɗan ja tun da saniya ta taka shi yana yaro. Muryar kuwa Allah ne ya ba shi. Tsofaffi sun ce yana saurayi yakan tsaya a gaɓar gabas ya gaida goggonsa a gaɓar yamma, ta amsa. Da tsohon mai shela ya rasu, ba a ma yi shawara ba, Hakimi ya aika aka kira shi.

Aikin ba ya ciyar da mutum. Nagoggo yana da lambunsa na albasa kamar kowa, yana saƙar zana idan hannu ya samu sarari. Shelar kuwa yakan yi ta da hantsi, ko bayan la'asar idan magidanta sun dawo. Da farko da baki yake yi. Daga baya, wani lokacin zaɓe, 'yan kamfe suka bar masa lasifika ta hannu, ya kankare hoton da ke jikinta ya ci gaba da aiki da ita. Abin da yake faɗa ba wani babban abu ba ne. Tunkiyar wance ta ɓata, tana da baƙi a kunne. Gobe suna a gidan wane. Masu rigakafi za su zo ranar Laraba, mata su fito da yara. Wanda ya bar jakinsa ya shiga albasar mutane, Hakimi na nemansa. An tsinci takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin rijiya. Yana da wani hali guda da kowa ya sani: ba ya shelar abin da bai tabbatar ba. Idan aka ce masa wane ya rasu, sai ya taka ya je ƙofar gidan ya ji daga bakin masu gida. An sha yi masa tsiya a kan haka, ana cewa kafin Nagoggo ya gama bincike an dawo daga maƙabarta.

Shekarun nan da daji ya lalace, aikin ya sauya masa. A da in ya ɗaga lasifika yara ne ke binsa suna kwaikwayon tafiyarsa. Yanzu da ta yi ƙara sai ka ji dakan turmi ya tsaya cak a gidaje, mata sun dafe ƙirji. Mun ji abin da ya sami garuruwan da ke kewaye da mu, mun karɓi waɗanda suka gudo da tabarmi a ka, mu ma mun taɓa kwana biyu a Shinkafi a makarantar firamare. Saboda haka Nagoggo ya sauya mafarin shelarsa. Kafin ya ce komai sai ya ce, "Lafiya lau ne, jama'a, lafiya lau ne," har sau biyu, sannan ya shiga batun tunkiya. Matarsa Hamida ta ce ko a gida, in zai nemi ruwan alwala, da haka yake farawa.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a ƙarshen sanyi, bazara tana kunno kai. Mangwaro ya yi huda, darbejiya ta zubar da tsohon ganye, da safe akwai ɗan sanyi amma kafin azahar ƙasa ta ɗau zafi. Albasa ta kusa cira. Tafki ya ja sosai, kifi ya taru a tsakiya inda ya fi zurfi. Al'adarmu ce ba a taɓa kifin nan sai ranar su, ranar da Sarkin Ruwa zai ba da izini kowa ya faɗa da homarsa da gorarsa, har mutanen garuruwan kusa su zo. An yi shekaru ba a yi sun ba, don tsoron tara jama'a a fili. A shekarar ne aka ɗan samu sauƙi, Hakimi da Sarkin Ruwa suka ce za a gwada. Nagoggo ya yi wannan shelar da murna, har ya ƙara mata gishiri. Mutane suka fiddo homa daga rumbu suna ɗinke inda ɓera ya ci.

Ana cikin wannan shiri, wata safiya matan da suka je ɗibar ruwa suka dawo da tulunansu wayam. Kifi ya taso. Nagoggo ya bar kokonsa ya gangara. Tun daga nesa ya ga shirwa suna shawagi ƙasa-ƙasa. Da ya isa sai ya ga gaɓar arewa ta yi fari fat da cikin kifi, karfasa da ƙananan tarwaɗa, wasu sun mutu, wasu suna juyi a saman ruwa suna buɗe baki. Har kwaɗi sun mimmiƙe a laka. Sarkin Ruwa, tsoho ne da ba ya yawan magana, ya tsuguna ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya sansana, ya zubar, ya goge hannun a rigarsa.

"Magani anka zuba," in ji shi.

Bai ce wa ya zuba ba. Amma kafin rana ta ɗaga, gari ya riga ya ba kansa amsa. Wani ya ce ya ga sawun shanu a gaɓar arewa. Wani ya ce shekaranjiya yaran ruga sun yi cacar baki da masu lambu kan mashaya. Wata ta ce 'yan ruga ba su cin kifi, me zai dame su. Zuwa hantsi maganar ta zama an ga mutum biyu da rawani da jarka. Masu waya suka hau tudun bayan masallaci inda ake samun sabis, suka fara kiran 'yan uwa a Kaura da Shinkafi, labarin ya tafi ya dawo ya ƙara ƙiba.

Hakimi ya tara dattawa a zaurensa. Faruku, shugaban 'yan sa-kai na garin, ya zo da yaransa, suka tsaya a waje da bindigoginsu na gida a kafaɗa. Faruku ba mugun mutum ba ne. An kashe wansa a gona shekarun baya, tun daga nan bai sake dariya da haƙoransa a waje ba. Ya ce wa Hakimi, "Ranka ya daɗe, yau kifi, gobe rijiya. In munka yi shiru sun gane mu. A hana su ruwan nan, kuma a ba mu dama mu tai mu bincika rugar."

Kowa a zauren ya san abin da binciken ruga yake haifarwa. Mun ga garuruwan da suka fara da haka. Ana shiga da safe, wani ya ɗaga sanda, wani ya danna kunama, kafin sati ya zagayo waɗanda ke cikin daji sun samu dalili, sun zo a kan babura. Hakimi ya daɗe yana murza carbi. Daga ƙarshe ya raba abin biyu. Ya ce ba za a shiga ruga ba tukuna, amma a yi shela: kada kowa ya sha ruwan tafki ko ya ci kifin, kuma daga yau shanun ruga kada su sake sauka a mashaya, saboda abin da aka yi.

Ya dubi Nagoggo. Nagoggo ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ta farko yanzu zan yi ta. Ta biyun, a ba ni zuwa la'asar."

"Don mi?" in ji Faruku. "Don can anka raine ka?"

"Don in na ce saboda abin da anka yi, na ce su sunka yi. Ni kuwa ban gani ba."

Faruku ya yi tsaki. Hakimi ya ce, "La'asar, Nagoggo. Kada ta wuce."

Ya zaga gari ya yi shelar farko. A ranar bai ce lafiya lau ba, kuma kowa ya lura. Ya aje lasifika a gida, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar ruga ta gaɓar kudu, don kada ya bi ta gaban 'yan sa-kai. Tafiyar ba ta da nisa ga mai ƙafa biyu lafiyayyu, amma shi sai da ya huta a gindin gawo. Masu ban-ruwa sun kashe injinansu, lambuna sun yi tsit. Ya ce mini daga baya, abin da ya fi tsorata shi a hanyar nan shi ne rashin jin ƙarar injin ko ɗaya.

Da ya doshi rugar sai ya ga mata suna kwance bukkoki. An ɗaure ƙore a cikin raga, an ɗora wa jakuna tabarmi. Labari ya riga shi isowa. Samari suka tsaya suna kallonsa, babu wanda ya amsa sallamarsa sai da ya maimaita da Fulatanci. Ardo Shu'aibu ya fito, dogo, ya rame, ya kama hannunsa, ya ja shi bayan garke. Maruƙa uku ne kwance, cikinsu ya kumbura, kumfa ta bushe a bakinsu. Wata karsana tana tsaye tana rawar jiki.

"Da sassafe sunka sha, a gaɓar arewa," in ji Ardo. "Zakariyya, kai ka yi kiwo. Akwai Bafillacen da za ya zuba guba inda shanunsa ka shan ruwa?"

Ashe akwai mai kiransa da sunan yanka. Nagoggo ya tsuguna ya taɓa kunnen maraƙi guda, ya yi sanyi.

"Yaranmu cewa su kai ku kunka zuba don ku kore mu," Ardo ya ci gaba. "Na hana su magana. Amma akwai wanda ya riga ya hau tudu da waya, ban san wa ya kira ba. Ni tsoho ne, ba kowa ka jin maganata ba yanzu."

"Kada ku tashi, Ardo. Ka ba ni zuwa la'asar."

"Kai ma la'asar anka ba ka?"

Suka dubi juna. A wani lokacin da sun yi dariya.

Nagoggo ya juyo da sauri gwargwadon yadda ƙafar ta yarda. Zuciyarsa ta ɗan yi sauƙi, don yana ganin ya samo abin da zai kai wa Hakimi: mutanen da ake zargi su ma an yi musu ɓarna. Amma yana tafe yana tambayar kansa, to in ba su ba, wa? Ya bi ta gida don ya sha ruwa ya yi azahar. Ya tarar da Hamida zaune a ƙofar ɗaki, ba ta ɗora tukunya ba. Ta tashi ta rufe ƙyauren gidan, abin da ba ta taɓa yi da rana ba.

"Malam, zo ka gani."

Ta kai shi bayan rumbu inda yake aje kayan lambu. Galan ɗin maganin feshi da ya saya don albasa, wanda ko rabi bai yi amfani da shi ba, yana nan a kife, babu ko ɗigo. Kusa da shi ga wandon ɗansu Jabiru, jiƙe da laka har gwiwa, yana warin maganin. Ta ɗaga wani tsohon buhu, ga manyan tarwaɗa a cikin daro, an fede su an barbaɗa gishiri.

Jabiru shi ne ɗansu namiji tilo da ya rayu. Saurayi ne da ya isa aure, mai ƙwazo a lambu, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Yana cikin ɗakinsa tun safe. Uban ya kira shi, ya fito idanunsa jajur.

"Kai ne?"

Jabiru ya durƙusa. "Baba, wallahi ɗan kaɗan na yi niyya. Wani ya ce mini a Shinkafi haka a kai, ka zuba a lungu guda, manyan su taso ka kwashe, ruwa ya wanke sauran. Na ga kowace shekara ana cewa za a yi su a fasa, kifin na mutuwa a laka banza. Na ce in kai kasuwa in fara tara kayan aure. Da na zuba ban ga komi ba, sai na juye duka."

"Ka san maruƙan Ardo sun mutu?"

Yaron ya ɗora hannu biyu a ka.

Hamida ta riƙe hannun rigar mijinta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, don katangarsu ta zana ce, maƙwabta na ji. "Malam, ka rufa mana asiri. Ba wanda ya gani. In binne kifin nan yanzu, in wanke wandon. Ka ce ma Hakimi shanunsu ma sun mutu, sai a bar maganar, a ce ba a san wanda ya yi ba."

"In ba a san wanda ya yi ba, kowa za ya zaɓi wanda ya yi. Mu mu ce su, su su ce mu."

"To sai ka miƙa ma Faruku ɗanka? Ka ga idon yaran nan yau? Ka manta abin da sunka yi ma ɓarawon akuya bara? Har yau ba ya miƙe hannu." Ta ƙara damƙe rigarsa. "Ni na haife shi, Malam. Huɗu na binne kafin shi."

Nagoggo ya zame hannun rigarsa. Ya ɗauki buta ya yi alwala, ya yi salla a tsakar gida, ya daɗe zaune a kan buzu. Hamida ta ce ta ga leɓensa na motsi amma ba ta san ko addu'a yake ko lissafin abin da zai faɗa ba. Inuwar rumbu ta fara tsawo. Daga waje ana jin babur yana kai da kawowa, yaran Faruku ne ke zagaya gari. Wata maƙwabciya ta leƙo ta zana tana tambaya ko gaskiya ne a kwashe yara a kai Shinkafi.

Da ya tashi sai ya ce wa Jabiru, "Sa riga. Ɗauki galan ɗin." Ya ce wa Hamida, "Ba Faruku zan kai ma shi ba. Hakimi zan kai ma, ta ƙofar baya." Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ba ta yi kuka da ƙarfi ba.

Suka bi ta lungun bayan gidaje, uban a gaba yana jan ƙafa, ɗan a baya da galan a cikin buhu. Suka shiga gidan Hakimi ta wajen mata. Hakimi ya saurari maganar duka bai katse ba. Ya dubi Jabiru, ya dubi galan, ya ce a shigar da yaron ɗakin ajiyar hatsi a kulle, a kawo masa mabuɗin. Ya aika a kira liman da Sarkin Ruwa, su zauna a ƙofar ɗakin. Sannan ya ce wa Nagoggo, "Wannan shelar ba dole kai za ka yi ta ba. In sa wani."

"Ranka ya daɗe, in wani ya faɗa, za a ce an rufe wani abu. Can tsallake ma ba za su yarda ba. Muryata sunka sani."

Ya koma gida ya ɗauko lasifika. Hamida ba ta ɗago ta dube shi ba. Ana fitowa daga sallar la'asar ya tsaya a bakin masallaci, inda ya saba farawa. Ni ina cikin waɗanda ke wurin. Ya ɗaga lasifikar, ya sauke, ya share bakinsa da hannun riga, ya sake ɗagawa.

"Jama'a, a saurara. Hakimi ya ce a gaya muku, an gane wanda ya zuba magani a tafki. Ba mutanen ruga ba ne. Su ma maruƙansu sun sha sun mutu, na gani da idona. Wanda ya zuba ɗan garin ga ne. Jabiru ne, ɗan Nagoggo mai shela. Ya yi don ya kama kifi. Shina hannun Hakimi. Hakimi ya ce kada wanda ya taɓa shi, kada wanda ya tai ruga. Mashaya tana nan ga kowa in ruwa ya gyaru."

Bai jira ba, ya wuce gaba. Ya faɗa a bakin rijiya, ya faɗa a mahauta, ya faɗa a ƙofar gidansa, don nan ma tasha ce a zagayensa, bai tsallake ta ba. Ko'ina da kalmomin nan, bai rage ba bai ƙara ba. Daga nan ya gangara bakin tafki, ya taka laka har inda ta fara nutsar da takalminsa, ya fuskanci yamma ya faɗa da Fulatanci. Muka hango mutane sun fito daga tsakanin bukkoki sun tsaya. Wani ya sauke kaya daga bayan jaki.

Faruku ya zo ƙofar Hakimi da yaransa, ransa a ɓace, yana cewa a fito da yaron a yi masa hukunci gaban jama'a. Ya tarar da liman zaune a bakin ƙofa ya miƙe ƙafafu. Aka yi ta magana har rana ta yi ja. A ƙarshe Faruku ya juya ga Nagoggo, wanda ke tsaye gefe da lasifika a rataye, ya ce, "Da mun tai rugar nan da safe, da yanzu wani zance a kai." Ya kwashi yaransa suka tafi. Ban sani ba ko godiya ce ko zargi, ina jin shi ma bai sani ba.

Duk da haka ba mu yi barcin kirki ba a kwanakin da suka biyo, saboda wayar nan da aka buga daga ruga. Ardo ya sa an sake bugawa an warware, amma wa ya san abin da ya isa kunnen wa? Ko kare ya yi haushi sai a tashi zaune. Allah ya rufa asiri, ba wanda ya zo.

Washegari Ardo ya tsallako da dattawansa, aka zauna a zauren Hakimi. Aka yanke cewa gidan Nagoggo zai biya maruƙan. Albasarsa ta shekarar gaba ɗaya can ta tafi, da ragon da Hamida ke kiwo. An kwashe mataccen kifi an binne a rami, an hana shan ruwan har sai da damina ta sauka ta wanke shi, mata suka koma layi a rijiya guda, ana faɗa kullum. Ba a yi sun kifi ba a shekarar. Waɗanda suka ɗinke homa suka mayar rumbu, wasunsu har yau ba su gaida Nagoggo da fuska a sake. Rugar ma ba ta koma yadda take ba. Gidaje da dama da suka riga suka ɗaure kaya ba su kwance ba, suka yi arewa wajen Jangeru, suka ce abin da ya kusa faruwa yau zai faru wata rana. Ardo da 'yan gidansa suka zauna.

Jabiru bai iya zaman garin ba. Iyayen yarinyar da yake nema suka aiko a dakata. Da aka sake shi, kawunsa ya tafi da shi Kaura Namoda, ya samar masa keke napep yana ja. Hamida ta yi wata da watanni ba ta yi wa mijinta magana in ba ta zama dole ba. Takan aje masa tuwo ta koma ɗaki. Ya rame a bazarar nan, muryar ma ta dushe, har aka fara cewa ko a nemi wani. Bai aje aikin ba. Sai da aka yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa, ranar nan ya dawo daga zagaye tana tankaɗe, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba, "Ka ce rigakafi Laraba, Alhamis ne. Koma ka gyara." Ya koma ya gyara.

Bayan kaka ya shirya ya tafi Kaura ganin ɗan. Hamida ta ɗaura masa ƙullin daddawa da kuka da soyayyar gyaɗa ya kai. Ya sauka a tasha bai san inda zai nufa ba, yana ta duban keke masu kama ɗaya, sai ga guda ta tsaya a gabansa. Jabiru ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi ƙullin, ya ce ya shiga. Suka bi ta kasuwar hatsi, suka tsallaka layin dogo. Wata mata ta tsayar da su, Jabiru ya ɗaga mata hannu ya wuce. Sai da suka kusa unguwar da yake kwana Jabiru ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Inna lafiya?"

"Lafiya lau. Tana gaishe ka."

"Kifi ya dawo?"

"Ƙanana. Sarkin Ruwa ya ce a ba shi shekara biyu."

Jabiru ya gyaɗa kai. Ya tsaya gaban wata rumfar mai shayi, ya sa aka haɗa wa ubansa shayi da burodi, ya zauna kusa da shi a benci yana kallonsa har ya shanye. Nagoggo ya kwana biyu a Kaura, ya dawo ranar Juma'a da atamfa turmi ɗaya da ɗan ya saya wa uwarsa.